Waiwaye: Tauraron da ya hango wa Amurka ambaliya

A ranar 27 ga Satumba 2003 wata roka ta tashi daga Plesetsk, can arewacin Rasha, ɗauke da tauraron ɗan Adam na farko mallakin Najeriya, NigeriaSat-1. Ba wani ƙato ba ne, nauyinsa kimanin kilo 100, daidai da buhun masara. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi, injiniyoyin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, suna tare da su suna koyon aikin. Wanda ya riski lokacin zai tuna irin surutun da aka sha. Ƙasar da ta kasa wadata jama'arta da wutar lantarki da ruwan famfo, me ya kai ta sararin samaniya? Masu wannan tambaya suna da hujja, amma shekara biyu kacal aka yi tauraron ya ba su amsa.

Ba shi kaɗai yake aiki ba. An haɗa shi cikin wani rukuni na ƙananan taurari da aka tanada don sa ido kan bala'o'i, tare da na Aljeriya da na Turkiyya da na Birtaniya, daga baya na Sin ya biyo a 2005. Tauraro guda kan yi kwanaki kafin ya sake bi ta kan wurin da ya wuce, amma in aka jera da yawa suna bin sawun juna, kowace rana sai wani ya gifta ta inda ake nema. Kyamarar namu tana ɗaukar faɗin ƙasa kilomita 600 a wucewa ɗaya. Ba ta iya rarrabe mutum ko mota, don duk abin da bai kai mita 32 ba ɓacewa yake a hoton, amma tana nuna inda kogi ya bar hanyarsa, da gonakin da suka nutse, da garin da ruwa ya yi wa ƙawanya.

A Disamba 2004 igiyar tsunami ta afka wa ƙasashen tekun Indiya, hotunan rukunin nan suka shiga hannun masu agaji. A ƙarshen Agusta 2005 guguwar Katrina ta fasa ganuwar da ke tare ruwa a birnin New Orleans, mutum sama da 1,300 suka rasu, kuma hoton da NigeriaSat-1 ya ɗauka yana cikin na farko-farkon da suka isa ga hukumomin Amurka. Ƙasar da ta sauke mutum a duniyar wata ce ta amfana da idon Najeriya a ranar da ta shiga uku. Har gobe ina ganin wannan abin alfahari ne, kuma ya kamata yaranmu na makaranta su san shi.

Hanyar da hoton ya bi ma abin a sani ce. Tun a 2000 hukumomin sararin samaniya na Turai da Faransa da Kanada suka ƙulla yarjejeniya cewa duk inda babban bala'i ya faɗa, za su juya taurarinsu wajen, su ba da hotuna kyauta. Akwai lambar waya da ake ɗauka dare da rana. Hukumar agajin ƙasar da abin ya shafa ta kira, mai jiran wayar ya tashi ƙwararren da zai duba wane tauraro ne zai fara bi ta wurin, a ba shi umarni, sannan wasu su mai da hoton taswirar da mai kwale-kwalen ceto zai iya karantawa. Najeriya ta shiga wannan tsari ta hanyar rukunin nata, ta bayar, ta kuma karɓa.

A 17 ga Agusta 2011 aka ƙara harba biyu, NigeriaSat-2 mai iya ganin abin da ya kai mita biyu da rabi, da NigeriaSat-X wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu. Shekara na zagayowa sai jarrabawa ta zo gida. Ambaliyar 2012 ta taɓa jihohi 30, ta kashe mutum 363 a ƙididdigar hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu. A Lokoja, inda Neja da Binuwai suke haɗuwa, ruwa ya datse babbar hanyar Abuja, matafiya da manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye.

A nan ne ya kamata mu ɗauki darasi na farko, ba mu ɗauka ba. Taurarinmu duka da hasken rana suke gani. Ambaliyarmu kuwa a tsakiyar damina take zuwa, Agusta da Satumba, lokacin da gajimare ya rufe sama ruf. Sau da yawa hoton da zai dawo fari fat ne, ba ƙasa ba ruwa. Abin da ke ratsa hadari shi ne rada. Tauraro mai rada da kansa yake aiko da sigina ƙasa ya jira dawowarta. In ta faɗa kan gini ko itace ko tudu, sai ta warwatsu, wani ɓangare ya koma sama, wurin ya fito da haske. In ta faɗa kan shimfiɗaɗɗen ruwa, sai ta zame ta yi gaba, wurin ya fito baƙi ƙirin. Ka ɗora hoton makon jiya kan na yau, duk sabon baƙin da ka gani ruwa ne, ko da tsakar dare aka ɗauka. Turai ta harba irin wannan, Sentinel-1, a 2014, kuma hotunansa kyauta ne ga duk mai intanet. Mu kuwa aka bar na 2011 suka wuce wa'adin da aka ɗibar musu ba tare da magaji ba. An sanar a 2025 cewa gwamnati ta amince da sayen sababbi huɗu, ɗaya mai rada. Sai mun gani a sama.

Darasi na biyu ya fi ciwo, don ba na na'ura ba ne. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600, Jigawa na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu, alhali hukumar da ke sa ido kan koguna, NIHSA, ta fitar da hasashenta na ambaliya tun kafin damina. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Lagdo a Kamaru kwanaki yake yi kafin ya ratsa Yola da Makurɗi ya kai Lokoja, ana iya bin sa daga sama gari bayan gari. Madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa don ta tare shi har yau ba a kammala ba. Sannan ga Maiduguri. Cikin daren 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. Mutanen unguwannin Gwange da Fori suna barci ruwa ya shigo ɗakunansu. Ya mamaye kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, dabbobin gidan zu suka fito, wajen mutum 400,000 suka rasa matsuguni. Tafkin ya yi makonni yana cika a fili, taurarin duniya suna bi ta kansa. Taswirorin da aka fitar daga baya sun taimaka wajen sanin unguwar da za a tura jirgin ruwa da inda za a kai abinci, wannan ba a musu. Amma ga uwar da ta fito da jariri a ka, ruwa har ƙirji, taswirar ihu ce bayan hari.

Abin da na fahimta daga waɗannan shekaru shi ne, kuɗin tauraro ba asara ba ne, sai dai rabin aiki ne. Hoton da ya tsaya a kwamfutar wani ofis a Abuja bai ceci kowa ba. Ana bukatar mutum a kowace hukumar agajin jiha wanda aikinsa ke nan, ya buɗe hoton rada a kai a kai duk damina, ya san sunan kowane ƙauye da ke bakin kogi. Abin da ya gani ya koma magana da Hausa da Kanuri da Fulfulde, ya bi ta rediyo da saƙon waya da lasifikar masallaci, ya isa ga dagaci da mai unguwa, a faɗi ranar da ake sa ran ruwan da makarantar da za a koma. Manomin da aka ce wa ya tashi ba tare da an nuna masa inda zai kai iyalinsa da awakinsa ba, ba zai tashi ba, kuma ba taurin kai ba ne.

Ina kira ga gwamnoninmu, musamman na jihohin da Hadeja da Rima da Binuwai da Ngadda suka ratsa, su ɗauki matasan da suka karanci taswira da labarin ƙasa a jami'o'inmu, su ba su kwamfuta da intanet da layin da zai kai su kai tsaye ga gidajen rediyo da masarautu, tun kafin ruwan farko na bana ya sauka. Allah ya kiyaye mu da dukkan musifu, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci.