Hutun bakin teku a Satumba: a kama gida, a ɗora tukunya

Masu raka yara karatu Ingila a watan Satumba kan so su leƙa bakin teku, kamar Brighton ko Bournemouth. Lokacin ya dace: 'yan makaranta sun koma aji, cunkoso ya ragu, kuɗin haya ya sauka.

Shawarata, a kama gida mai kicin maimakon otal. Uwargida za ta sayi naman halal ta yi girkinta, ta rage gishiri idan Maigida na fama da hawan jini.

Amma da an shiga, kafin a kwance kaya, a duba na'urar gargaɗin hayaƙi da ta iskar kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa cikin barci.

A bakin ruwa, a yi wanka tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya, inda masu ceto ke sa ido. Idan jar tuta ce zalla, kada kowa ya shiga. Kada a ɗauke ido daga yara. Idan wani abu ya faru, a kira 999.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.