Digiri na uku ba ya koya wa mutum riƙe ma'aikata

1/ Akwai abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Mu ɗalibai mun iya zagin ma'aikatan ofis a jami'a: akawu, masinja, mai riƙe da fayil. Ni ma na zaga, ban cire kaina ba. Amma yanzu na gane mun bar jaki muna dukan taiki.

2/ Ni ɗan Darini ne, yankin Batsari da Safana. Wanda ya san ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu ya san ba kowane lokaci ake shiga mota ba. Sai rana ta ɗaga, sai ka tambayi direbobi ko hanya lafiya. Inna ba ta samun natsuwa sai na kira na ce na sauka.

3/ Zangon da ya wuce sakamakona na kwas ɗaya bai fito ba. Ina gida hutu, haka na riƙa bin hanyar nan. Zuwan farko, mai fayil ba ya nan. Na biyu, yana nan, amma makullin kabad na hannun abokin aikinsa da ya tafi hutun shekara. Na uku, sai shugaban sashe ya sa hannu, shi kuma yana taro. Kada ku tambaye ni wace jami'a, ba zan faɗa ba.

4/ A zuwa na uku raina ya gama ɓaci, na fara ɗaga murya. Dattijon ya ce, "Zauna, ɗana." Na ce, "Baba, ka san daga ina nake zuwa kuwa?" Ya ce ya sani, shi ma ƙauyensu na wannan yanki. Da aka kai masu hari ya tafi jana'izar ƙanensa, ya faɗa wa oga ta waya, oga ya ce Allah ya jiƙansa. Ba wanda ya rubuta. Ya dawo ya tarar da takardar tuhuma kan barin aiki ba izini. Wallahi kunya ta kama ni.

5/ Ogan nan fa ba mugu ba ne. Malami ne da muke so a aji. Matsalar ita ce yadda ake zama shugaban sashe: ka kai wani matsayi a koyarwa, layi ya zo kanka, a miƙa maka takarda da hatimi na ɗan wa'adi. Jiya kana koyar da kimiyya, yau kana da sakatare, akawu, masinja da ma'aikatan ɗakin gwaji a ƙarƙashinka. Wa ya koya maka tsara hutunsu? Wa ya nuna maka yadda ake cike fom ɗin tantance ƙwazo na shekara, wanda ƙarin girman mutum ya rataya a kansa? Wa ya gaya maka yadda za ka yi wa sa'an mahaifinka gyara ba tare da ka ci masa fuska ba?

6/ Kuma yana nan yana shiga aji, yana duba jarrabawa, yana duba furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe. Shi ma abin tausayi ne.

7/ Ku duba inda kuɗin horo ke tafiya. TETFund, da aka kafa a 2011 a madadin asusun ilimi na 1993 wanda ya samo asali daga yarjejeniyar ASUU da gwamnati ta 1992, tana ɗaukar nauyin malamai su yi digiri na biyu da na uku. Madalla, muna buƙata. Amma digiri na uku bincike yake koyarwa, ba riƙon jama'a ba. Ga kwalejin ASCON a Topo, Badagry, tun 1973 tana horar da ma'aikatan gwamnati kan shugabanci. Ilimin yana ƙasar nan. Kai shi ofishin shugaban sashe ne ya gagara.

8/ Mu ASUU kaɗai muka sani, saboda ta zaunar da mu gida wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Amma ku tuna yajin aikin SSANU da NASU na 2024 kan albashinsu da aka riƙe. Ofisoshi a kulle, komai ya tsaya. Su ke riƙe da jami'a, kuma mafi yawan abin da ke ɓata masu rai kullum yana faruwa ne tsakaninsu da wanda ke kansu kai tsaye.

9/ Na san wani zai ce bita ai hanyar cin kuɗi ce. Gaskiya ne idan irin ta otal a Abuja ce, a karɓi alawus da jaka a dawo. Ba ita nake nufi ba. Kwana biyu ko uku a cikin jami'a, tsofaffin ma'aikatan ofishin magatakarda su zaunar da duk sabon shugaban sashe kafin ya karɓi makulli. Takardar miƙa aiki idan mutum zai tafi hutu. Yadda ake rubuta izinin gaggawa, musamman ga ma'aikatan da iyalansu ke inda ake kai hari. A saurari mutum kafin a tuhume shi. Sannan a ba shi lambar jami'i ɗaya da zai kira idan abu ya shige masa duhu.

10/ Wani kuma zai ce albashi ne matsalar. Eh, albashin bai isa ba. Amma ba ƙarancin albashi ya tafi da makullin kabad hutu ba.

11/ 'Yan ƙungiyar ɗalibai, don Allah idan kun zauna da hukumar makaranta, bayan maganar ruwa da wuta ku sa wannan a jerin. A tambaye su: sabon shugaban sashe, kwana nawa ake koya masa aikin?

12/ Sakamakon nawa dai yana cikin kabad ɗin tun farko. Baba ne ya kira ni da kuɗin wayarsa ranar da aka dawo da makulli, ya ce kada na sake biyo hanya, ya riga ya kai wa oga ya sa hannu.