RIJIYAR GIDA KO FAMFON GARI: SHAWARA A KAN MANHAJAR OFISOSHINMU

Yanzu aikin ofis da na makaranta sai ƙara komawa cikin kwamfuta ya ke yi. Tun shekarar 2015 yaro ba ya ɗaukar jarrabawar JAMB sai a gaban na'ura, kuma albashi da haraji da lissafin 'yan makaranta duk sun bi wannan hanya. Akawun da magabatansa na En'e suka yi aiki da alƙalami da babban littafi, yau da manhaja ya ke yi, watau tsarin umarnin da a ke zuba wa kwamfuta domin ta san abin da za ta yi. Saboda haka ya kamata akawuna da malaman makaranta su san irin manhajar da a ke saya musu, gama su ne za su kwana da ita su tashi da ita.

Manhajar ofis iri biyu ce. Akwai wadda ta ke zaune can nesa cikin wata babbar na'ura a Kaduna ko Abuja ko Ikko, akawu ba shi da kome a gabansa sai tagar da ya ke leƙa ta ta intanet. Wannan kamar famfon gari ta ke: hukuma ce ke kula da shi daga wuri ɗaya, amma ran da aka ɗauke ruwa kowa ya shiga ƙishi. Akwai kuma wadda a ke girkawa cikin na'urar akawu, ta riƙe lissafinsa, ta yi aiki ko da babu layi, sa'an nan in layi ya samu ta aika da abin da aka rubuta zuwa babban ofis. Wannan ita ce rijiyar gida, ita ce kuwa za mu kira manhaja mazauniya. Mutumin birnin Zariya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan bambancin rijiya da famfo.

Ra'ayinmu shi ne, ofisoshin da ke tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, da makarantun ƙauyukan ƙasar Zazzau, mazauniya ce ta dace da su. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wutar lantarki ba ta da tabbas, layin waya ma haka. A ƙarshen 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara da waɗansu sassa na Jihar Kaduna saboda sha'anin tsaro, aka yi makonni ba sadarwa. Ran 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka kasa biyan mutane. A rana irin wannan, akawun da lissafinsa ke cikin na'urarsa ya ci gaba da aiki, wanda ya dogara ga taga kuwa sai ya naɗe hannu.

Zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, ya nuna abin a fili. Na'urar BVAS tana tantance mai zaɓe ba tare da intanet ba, domin rajistar rumfarsa tana cikinta. Wannan ɓangare ya yi aiki a yawancin wurare. Inda aka sami cikas shi ne wajen aika hoton sakamakon zaɓen Shugaban Ƙasa zuwa babbar na'urar hukumar zaɓe, kuma kowa ya san irin ƙurar da wannan ya tayar.

Amma fa rijiya ba a haƙa ta a manta. Sai an yashe ta, sai an gyara bakinta, kowace rijiya kuma da nata aikin. Nan ne wahalar mazauniya ta ke, nan ne kuma masu sayen kayan Gwamnati suka fi yin sakaci.

Wahala ta fari ita ce girkawa da sabuntawa. In an gyara kuskure a manhajar taga, gyara ɗaya ya ishi kowa. In mazauniya ce, lalle gyaran ya isa kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya. Hukumar zaɓe da kanta ta ɗage zaɓen Gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris, 2023, domin ta sami lokacin sake saita na'urorin BVAS na rumfuna fiye da 176,000. A watan Mayu, 2025, Shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya faɗa wa duniya cewa wani gyara da aka yi wa manhajar jarrabawa bai isa waɗansu na'urori ba, abin ya ɓata sakamakon yara 379,997 a cibiyoyi 157 na Ikko da jihohin Kudu Maso Gabas, sai da aka sake musu jarrabawa. To, in hukumomi masu kuɗi da ƙwararru sun yi tuntuɓe a nan, ina ga ƙaramar hukuma wadda ba ta da ko mutum guda da aka ware domin wannan aiki? Na'ura goma a ofis ɗaya, in kowace tana ɗauke da bugun manhaja dabam, lissafi goma za a samu a ƙarshen wata.

Wahala ta biyu ta fi wannan zurfi. Ba a gina manhaja a kan iska, sai a kan wani dandamali da wani kamfani ya shimfiɗa, shi kuwa kamfani yana da ikon naɗe tabarmarsa. Shekarun baya dandamalin Flash na kamfanin Adobe ya cika duniya, ana ganin ba shi da magaji. A 2010 kamfanin Apple ya ƙi yarda da shi cikin wayoyinsa, a 2017 Adobe ya ba da sanarwar zai bar shi, ran 31 ga Disamba, 2020, aka rufe babinsa. Hukumar haraji ta Afirka ta Kudu ba ta gama kwashe takardunta daga kansa ba lokacin ya cika, a Janairu, 2021, dole ta fito da tata burauza ta musamman domin mutane su iya cike takardun haraji. Silverlight na Microsoft, wanda aka fito da shi a 2007 domin ya kara da Flash, shi ma an daina kula da shi a Oktoba, 2021. Hanyar da masu Java su ke bi su girka manhaja daga nesa, mai suna Java Web Start, an cire ta a 2018. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ko na'urar kanta ba ta tsira ba. Microsoft ya janye kulawarsa ta yau da kullum daga Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba su iya ɗaukar Windows 11. Irinsu ne kuwa a kan samu a ɗakunan makarantunmu, waɗanda aka ba da kyauta ko aka sayo na hannu.

Akwai wata wahala tamu ta kanmu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sun daɗe da samun gurbi cikin tsarin Unicode da kwamfutoci ke bi, amma in maginin manhaja bai kula ba, sai sunan Ɗanladi ya fito a rajista ɗaya da lanƙwasa, a wata babu, a ta uku kuma da alamar tambaya. A idon na'ura waɗannan mutum uku ne. Garin da aka kafa maɗaba'ar Gaskiya a 1945 domin a buga Hausa daidai bai kamata ya karɓi manhajar da ba ta iya rubuta sunayen 'ya'yansa ba.

Waɗansu za su ce, tun da wahalar ta yi yawa, a bar mazauniya a koma taga gaba ɗaya, ai layi sai ƙara kyau ya ke yi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, gama taga ta fi arha wajen kulawa. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma albashin malami ba zai jira sai an ɗinke waya a ƙarƙashin teku ba. Abin da ke tafe ma ba zaɓen ɗaya a bar ɗaya ba ne. Burauzar zamani tana iya ajiye manhaja cikin na'ura ta yi aiki ba layi, ta kuma sabunta kanta in layi ya dawo. Ma'aikatan lafiya sun riga sun ga amfanin irin wannan aiki: manhajar ODK, wadda a ke cike bayanai da ita a waya ko ba layi, an yi aiki da ita a yaƙin shan inna a Arewa, har aka tabbatar a Agusta, 2020, cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Nijeriya. Ita ODK buɗaɗɗiya ce, kowa na iya duba cikinta ya gyara, ba mallakar kamfani ɗaya ba ce da zai rufe ta ran da ya ga dama.

Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Jihar Kaduna da ƙananan hukumomin ƙasar Zazzau, kafin a sa hannu a kan kowace kwangilar manhaja a tsaya a kan waɗannan sharuɗɗa. A gwada ta a ofis na gaske cikin birni, a cire layi yini guda a ga ko tana aiki. A rubuta cikin yarjejeniya wanda zai riƙa sabunta ta, da shekara nawa, da kuɗinsa cikin kasafin kowace shekara. A tabbatar ana iya fitar da lissafi duka cikin sigar da kowace manhaja za ta karanta, domin lissafin na jama'a ne, ba na ɗan kwangila ba. A fifita buɗaɗɗen dandamali a kan rufaffe. A kuma koya wa akawu ɗaya a kowane ofis girkawa da ajiye kwafi. Ba sai an je nesa ba: ga Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyarta ta kwamfuta mai sunan Iya Abubakar a Samaru, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, ga kuma Kongo inda aka horar da ma'aikatan En'e tun kafin mulkin kai.

Ku kuma malamai da akawuna, in an kawo muku sabuwar manhaja kada kunya ta hana ku tambaya. Ku ce, in layi ya ɗauke ina lissafina zai zauna, in ta lalace kuma wa zan kira? Wanda ya kasa ba ku amsa bai gama aikinsa ba, kada ku sa hannu cewa kun karɓa. Allah ya sa shugabanni su duba wannan magana da idon basira, amin.