Sababbin rukunin gidaje: Kamfani ya karɓi kuɗi, mai gida ya gaji gyara

Duk wanda ya bi titin filin jirgin sama na Abuja, ko hanyar Zariya a Kano, ko ya zagaya sababbin unguwannin gabashin Kaduna, ba zai rasa ganin allunan tallan rukunin gidaje ba. Hoton kusan iri ɗaya ne: gida mai sheƙi, ciyawa shar, ƙofar shiga da mai gadi, sai alƙawarin biyan kuɗi kaɗan-kaɗan. Ga ɗan kasuwar da ba shi da lokacin tsayawa a kan magina, da ma'aikacin da ya gaji da biyan haya, tayin yana da daɗin ji.

Sai dai damina ɗaya ko biyu kan isa ta tona abin da ke ƙarƙashin fenti. Bango ya dare daga kusurwar taga, danshi ya hau daga ƙasa ya ci filasta, tayil ya ɗaɗɗago, silin ya yi tabon yoyo, shadda ta cika kafin shekara ta zagayo. Akan ɗora laifin a kan birkila ko tsadar kaya, kuma suna da nasu kason. Amma tushen matsalar yana cikin yadda aka tsara cinikin: kamfani yakan gama karɓar kuɗinsa kafin aibin gida ya bayyana, idan kuwa ya bayyana, babu abin da ke tilasta masa dawowa.

Abin da ido ba ya gani

Ingancin gida yana cikin sassan da ake rufewa. Na farko shi ne harsashi. Ƙasa iri-iri ce. Akwai mai laka da ke kumbura da damina ta tsuke da rani, akwai kuma fadamar da aka cike da ƙasa jiya aka fara gini a kanta yau. Gwajin ƙasa ne ke nuna zurfi da irin harsashin da ya dace, amma sau da yawa akan ɗauki zane guda a maimaita shi a fili ɗari ba tare da an duba bambancinsu ba.

Na biyu shi ne haɗin siminti. Masana gini sukan so kada buhu ɗaya ya fitar da bulo mai inci 9 da ya wuce 30, amma a wuraren buga bulo da dama ana miƙa shi har ya kai 40 ko fiye. Irin wannan bulo yakan rugurguje a hannu tun wajen sauke shi daga mota. Haka kankare: yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7 bayan zubi, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka ƙiyasta masa. Kamfanin da ke gaggawar miƙa makulli yakan cire katakon tallafi da wuri ya ɗora wani hawa. Idan aka haɗa da rodin da bai kai kaurin da injiniya ya rubuta ba, da ledar hana danshi da aka tsallake a ƙarƙashin daɓe, da siririyar wayar lantarki da ba za ta ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba, an riga an shuka gyaran da mai gida zai girba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai saye zai iya ganewa ranar da aka zagaya da shi gidan da aka gama wa kwalliya.

Yadda tsada ta shiga cikin bango

Yawancin gidajen ana sayar da su ne tun suna kan takarda, a kan farashin da aka tsayar. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar Naira a watan Yuni, kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. Buhun simintin da ake saya kusan Naira 5,000 ya haura Naira 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da masu masana'antun. Kamfanin da ya karɓi kuɗi a tsohon farashi yana da zaɓi uku: ya nemi ƙari, ya dakatar da aiki, ko ya rage abin da ba a gani. Na ukun ne ya fi sauƙi, domin shi kaɗai ne ba ya jawo rigima nan take.

Ma'aikacin gwamnati ne ya fi shan wahalar wannan. Dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ta tanadi a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, domin ya samu lamuni daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwan kashi 6 cikin 100, har tsawon shekara 30. Bashin ba ya raguwa don bango ya tsage. Haka mutum zai wayi gari yana biyan banki a hannu ɗaya, yana biyan mai gyara a ɗayan.

Zanen da bai san garinsa ba

Ko an yi gini da ƙarfi, zane kan iya zama aibi. Ana kwaso fasalin gidajen ƙasashen sanyi a dasa a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40: manyan tagogin gilashi suna kallon yamma, rufin kwano ba abin tare zafi, ɗaki mai taga ɗaya da iska ba ta ratsawa, gidaje a manne da juna don fili ya ɗauki da yawa. Irin wannan gida ba ya zaunuwa sai da lantarki, a ƙasar da wutar ba ta da tabbas.

Akwai kuma batun zamantakewa. Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun san amfanin zaure, inda baƙo zai tsaya ba tare da ya ratsa iyali ba, da tsakar gida inda ake girki da shanya da shan iska, da bango mai kauri da ke riƙe sanyi. A sabon fasali, ƙofar waje takan buɗe kai-tsaye cikin falo, ɗakin girki ɗan tsukut, ba wurin ajiyar buhun hatsi. Shi ya sa da zarar an tare sai a fara fasa bango ana ƙara ɗaki, wani lokaci a taɓa ginshiƙin da ke ɗauke da bene.

Dokoki na nan, mai bibiya ne babu

Najeriya ba ta rasa hukumomi ba. Akwai COREN ta injiniyoyi, da ARCON ta masu zanen gini, da CORBON ta magina, da SON mai kula da ingancin kaya, ga hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da sashen kula da gine-gine na Abuja. Akwai Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006. Sai dai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003 cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka ƙarfin kundin ya rataya ne a kan abin da kowace jiha ta yi da shi. A aikace, an fi mayar da hankali kan hatimin amincewa da zane da kuɗin da ake biya a kansa, fiye da zuwa wurin aiki a ga ko abin da aka zana shi ake ginawa.

Misalai biyu sun nuna inda wannan sakaci ke kaiwa. A ranar 1 ga Nuwamban 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu, har da mai kamfanin. Jami'an jihar sun ce hawa 15 aka amince a gina, kuma ta bayyana cewa kamfanin injiniyoyin da ke sa ido a kan aikin ya janye hannunsa a rubuce tun farkon 2020. Gidajen alfarma ne da ake tallatawa da dala, abin da ke nuna cewa tsada ba ta zama shaidar inganci. A watan Yunin 2023 kuma, ambaliya ta mamaye gidaje fiye da 100 a rukunin Trademore da ke Lugbe a Abuja, wurin da ya sha fama da ruwa a baya. Hukumar birnin ta ayyana shi yankin bala'i tana cewa an yi gini a kan hanyar ruwa, mazauna kuma suka fito zanga-zangar ƙin amincewa da rusau. Ko wane ne mai gaskiya a taƙaddamar, asarar a kan wanda ya sayi gida ta faɗa.

Tun ran gini ran zane

Maganin ba baƙo ba ne, domin gwamnati da manyan kamfanoni suna amfani da shi a kwangilolinsu. Sukan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, galibi kashi 5 cikin 100, har sai wa'adin wata shida ko shekara ya wuce an tabbatar ya gyara duk aibin da ya fito. Babu dalilin da zai hana mai sayen gida samun irin wannan kariya. Majalisun jihohi za su iya wajabta ta a kowace yarjejeniyar sayar da sabon gida, tare da dogon wa'adi a kan harsashi da rufi. Bankin da ke ba da lamuni shi ma yana da ikon ƙin sakin kuɗi sai injiniya mai zaman kansa ya sa hannu a kowane mataki.

Kafin hakan ta samu, mai saye yana da abin yi. Ya nemi ganin takardar fili da amincewar zane da rahoton gwajin ƙasa, ya tambayi sunan injiniyan aikin ya tantance rajistarsa. Ya ɗauki nasa injiniyan ya duba harsashi da ɗaurin rodi kafin a zuba kankare. Kuɗin wannan bai kai na gyaran bango ɗaya ba. Ya ziyarci wurin a watan Agusta bayan an sheƙa ruwa, ya kuma je tsohon rukunin da kamfanin ya gina ya ji ta bakin mazaunansa. Ya tsaya a kan biyan kuɗi mataki-mataki, da rubuta wa'adin gyara a cikin yarjejeniya. Idan an saɓa, Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya da kotuna suna karɓar ƙorafi, amma da takarda suke aiki.

Akwai kamfanonin da ke aiki tsakani da Allah, kuma su ne za su fi cin ribar irin wannan tsari, domin a yanzu suna gogayya ne da masu rage siminti su karya farashi. Muddin wanda ya gina zai iya tafiya da cikakken kuɗinsa ranar miƙa makulli, fenti zai ci gaba da samun kulawar da harsashi ya fi cancanta da ita.