MU LEƘA ƘASA: Ikko da Jakar Goyo Ɗaya

Wasiƙa ta zo mana daga wani saurayi mai karatu a kwalejin horon malamai. Ya ce shi da abokansa biyu sun shekara suna tara kuɗi, suna so su tafi Ikko lokacin hutu, kowa da jakar goyonsa, su ga teku da idonsu. Amma mahaifinsa ya ce ba da yawunsa ba, gama Ikko gari ne mai cinye baƙo. Yaron ya roƙe mu mu sa baki.

Ba za mu shiga tsakanin ɗa da uba ba, ba kuwa za mu ce tsoron Baba na banza ne ba. Mu ma mun taɓa yin wannan tafiya da jaka a baya. Bari mu faɗi yadda ake yinta, sa'an nan ɗa da uba su zauna su daidaita.

Da fari, samari, ku san inda za ku kwana tun ba ku bar gida ba. Daga Kano zuwa Ikko wajen kilomita 1,000 ne, wanda kuwa ya sauka tasha da dare ba masauki, shi ne naman 'yan damfara. Ku nemi ɗan'uwa, ko ku karɓi takarda daga dattawanku zuwa ga wani sananne a can. Mutanenmu suna da yawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12, zamansu kuwa ba na jiya ba ne. Tun 1863 wani Bature, Glover, ya kafa ƙungiyar soja ta Hausawa a Ikko, daga ita sojan Nijeriya ya samo tushe. Kaya kuwa ku rage: riga uku, takalmi mai sauƙin tafiya, gidan sauro, gorar ruwa, da katin shaida. Kuɗi a raba su gida biyu. A cikin cunkoso jakar goyo ta dawo ƙirji. Ku tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, gama a Yuni da Yuli ruwan sama yakan cika tituna.

Rana ta fari ta tsibirin Ikko ce. Ku shiga motar haya da sassafe, ku tambayi kuɗi kafin ku zauna. In ta bi ta babbar gadar nan da aka gama a 1990, mai tsawon kilomita 11.8, ku duba ta taga, za ku ga Makoko, inda masunta suka kafa gidajensu a bisa turaku cikin ruwa. Ku sauka ku taka da ƙafa zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu ran 1 ga Oktoba, 1960. Kusa da nan, a Onikan, akwai gidan kayan tarihi da aka buɗe a 1957. A can aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976, ga ramukan harsashi a jikinta. Mun shiga ɗakin muna hira, muka fito ba mai magana.

Rana ta biyu ta teku ce. Da safe ku je gandun daji na Lekki, wanda aka keɓe a 1990, ku hau gadar igiya mai tsawon mita 401 a bisa kan itatuwa. Ku ɓoye abincinku, birai ba su da kunya. Da rana ku gangara gaɓa. A nan ne muke tare da Baba ɗari bisa ɗari. Yaron da ya iya iyo a kududdufi ko a kogin garinsu yakan ɗauka ya san ruwa. Teku dabam ne. Raƙuman ruwa sukan buge mutum ta sama, ruwan da ke komawa ya janye ƙafarsa ta ƙasa. Ku tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kada kuwa ku juya masa baya don ɗaukar hoto. In za ku shiga kwalekwale, sai da rigar da ke hana nutsewa, kuma da rana tsaka.

Rana ta uku ita ce dalilin da ya sa muke roƙo a bar yaran su je. Ku kama hanyar yamma zuwa Badagiri, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Ku fita da asuba, gama hanyar tana cin lokaci. Ƙaramin gari ne a bakin ruwa, amma shekaru ɗaruruwa kasuwar bayi ce. A gidajen tarihinsa za a miƙa muku sarƙar wuya ku ɗaga. Ku ɗaga, ku ji nauyinta. Daga nan kwalekwale zai ƙetare da ku zuwa tsibirin Gberefu, ku taka rairayi cikin rana har bakin teku, wurin da ake kira Inda Ba A Dawowa. Akwai wata rijiya a hanya wadda aka ce bayi sukan sha, su manta da gida. Kada ku ce wannan labarin waɗansu ne. Cikin mutanen da aka kwasa daga wannan gaɓa zuwa Brazil akwai Hausawa da yawa, har suka shirya tawaye a Bahiya a 1807. Ba kuwa Bature kaɗai ya yi cinikin ba. Da hannun baƙar fata aka kama su, aka kora su har gaɓa.

A garin nan kuma Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin bishara a 1842 ƙarƙashin itacen Agia, wanda hadiri ya kayar a 1959, aka kafa alama a gurbinsa. Za a nuna muku gidan mishan na 1845 wanda suke kira bene na fari a Nijeriya. Mu da muka san benayen ƙasa na Kano da Zariya sai muka yi murmushi, amma muka hau. Gidan yana tuna mana da Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama shi bawa yana yaro a 1821, aka 'yanta shi a teku, ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya zama bishop a 1864. Daga Badagiri ne kuma Clapperton ya tashi a ƙarshen 1825, ya isa Kano a 1826, ya mutu kusa da Sakkwato a 1827. Ashe hanyar da ke tsakanin teku da ƙasarmu tsohuwa ce, alheri ya bi ta, mugunta ma ta bi ta.

To, Baba, ga shawararmu. Ka sa musu sharaɗi uku: masauki sananne, kiran waya kowace yamma, da alkawari a kan ruwa. In sun yarda, ka sa musu albarka su tafi. Tafiya mabuɗin ilimi ce, wanda kuwa ya ɗaga sarƙar nan da hannunsa da wuya ya sake raina ɗan'adam don yarensa ko garinsu.

Kai kuma, ɗanmu, in Baba ya ce tukuna, to, tukuna ne. Ka ajiye kuɗinka, teku ba zai ƙafe ba. Ran da kuka je kuka dawo, ku rubuto mana abin da kuka gani.