TUKWICI DABAN, TOSHIYAR BAKI DABAN: Jan Hankali Ga Matafiyanmu

Da wuya a sami gida a cikinmu wanda ba shi da matafiyi, walau mai zuwa Hajji da Umra, ko ɗan kasuwar da ke bin hanyar Dikwa da Gamboru zuwa Kusiri da Injamena, ko mai kai mara lafiya Masar, ko ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Turai. Dukkansu akwai abu guda da ke ɗaure musu kai, wato wa ya kamata a ba ɗan ihsani a ƙasar mutane, wa kuma bai kamata a ba shi ko sisi ba.

Mu Hausawa ba baƙin wannan al'ada ba ne, domin kuwa mu muka ce yaba kyauta tukwici. Idan aka aiko yaro da tuwon suna ko naman layya, ba a barinsa ya koma hannu rabbana. To amma a lura, tukwici yana zuwa ne bayan an gama hidima, da son ran mai bayarwa, kuma wanda aka bai wa ba shi da ikon hana ka komai. Duk kuɗin da aka nema kafin a yi aiki, daga bakin mai riƙe da fasfonka, ko an kira shi na goro, ko na shayi, ko kado, sunansa toshiyar baki.

Abin takaicin shi ne yawancinmu mun juya lamarin. A wata tafiya da na yi, mun tsaya a wani shinge, inda wani bawan Allah mai cikakkun takardu ya cusa kuɗi a cikin fasfonsa tun kafin a tambaye shi. Da muka isa masauki kuwa, mutumin nan sai da ya yi ta ja-in-ja da yaron da ya ɗauko masa buhu biyu a kan 'yan canji. Ya ba mai albashi, ya hana mai ci da guminsa. Bugu da ƙari, ya ja wa na bayansa, domin daga nan kowa sai da aka sa ran zai yi haka.

Game da tukwici na halas, kowace ƙasa da nata tsarin. A Amurka dokar tarayya ta yarda a biya mai kawo abinci a teburi dala 2 da santi 13 kacal a awa guda, adadin da aka sanya tun 1991, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata dala 7 da santi 25 ne tun 2009. An ɗauka cewa tukwicin masu cin abinci ne zai cike giɓin, shi ya sa ake barin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abincin. Wanda ya tashi bai bar komai ba a can, haƙƙin wani ya danne. A Faransa kuɗin hidima yana cikin farashin, in ka ƙara 'yan canji alheri ne. A Landan gidajen abinci da yawa suna rubuta kashi 12.5 cikin 100 a jikin rasit, saboda haka a duba kada a biya sau biyu, kuma tun watan Oktoba na 2024 dokar Birtaniya ta tilasta wa masu gidajen su miƙa wa ma'aikata tukwicinsu cikakke. A Japan ba a bayarwa sam, har ma'aikaci kan biyo ka da kuɗin a zaton mantuwa ka yi. A Masar kuwa bakshish ruwan dare ne, gara mutum ya tanadi ƙananan kuɗi a aljihu. Alhazanmu da ke tashi daga filin jirgin saman Maiduguri su ma su sani, masu share Harami galibinsu baƙi ne irinmu da suka bar iyalansu don neman halas, kyautata musu abu ne mai kyau, amma mai tura keken guragu a yi ciniki da shi tun kafin a hau.

Dangane da jami'i kuwa, doka a fili take. Dokar da ta kafa hukumar ICPC a shekarar 2000 ta ɗauki mai bayar da cin hanci da mai karɓa duk a matsayin masu laifi. A watan Mayu na 2017 muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan umarnin da ya haramta wa jami'ai roƙo ko karɓar na goro daga fasinjoji a filayen jirgin sama da tashoshin ruwa. Haka nan yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar, irin su Gana da Binin da Togo, ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Wannan haƙƙinka ne, ba alfarma ba ce da za ka saya. Sai dai a tuna Chadi da Kamaru ba sa cikin ƙungiyar, Nijar ma ta fice a watan Janairu na 2025, don haka a bincika ƙa'idar kowace iyaka kafin a bar gida.

Na san wani zai ce, malam, idan ban bayar ba mota za ta tafi ta bar ni da kayana a daji. Gaskiya ne, kuma ba na zargin wanda aka tilasta wa. Wanda nake jan hankalinsa shi ne mai miƙawa tun ba a nema ba. Ka cika takardunka, da fasfo da katin allurar rigakafin shawara, idan an ce ka biya wani abu ka nemi rasit cikin ladabi, domin kuɗin gwamnati yana da rasit.

A ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su riƙa tara maniyyata da 'yan kasuwa kafin tafiya, waɗanda suka taɓa zuwa su wayar wa sababbi kai, tunda matambayi ba ya ɓata. Mu da muka san zaman baƙunci, bai dace mu tauye ɗan dakon da ya yi mana wahala a ƙasar wani ba. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.