Ilimin tsayar da jini bai kamata ya tsaya a bariki ba

Ni ba mai son yaƙi ba ne, amma ina ganin akwai abu ɗaya da ya kamata mu karɓa daga hannun likitocin soja, wato yadda ake tsayar da zubar jini.

Likitocin rundunar Amurka sun bi diddigin mutuwar sojojinsu 4,596 a Iraƙi da Afganistan daga 2001 zuwa 2011. Sun gano cewa a cikin waɗanda suka mutu kafin a kai su asibiti, kusan ɗaya cikin huɗu da an iya ceto shi, kuma tara cikin goma na waɗannan jini ne ya ƙare musu. Idan jini ya tsiyaye, jiki sai ya yi sanyi, zuciya ta yi ta bugawa da sauri babu abin da za ta tura, gaɓoɓi su fara mutuwa tun mutum yana numfashi.

Tun ana cikin yaƙin suka sauya salo. Ɗaurin nan mai matse hannu ko ƙafa sama da rauni, wanda a da ake gudunsa wai yana jawo yanke gaɓa, ya shiga kayan kowane soja. Sun kuma rage yawan ƙarin ruwa, saboda ruwa yana tsinka jini ya hana shi daskarewa. Wanda ya rasa jini, jini ake ƙara masa.

Ga kuma allurar tiranezamik, mai arha ƙwarai. A 2010 an fitar da sakamakon gwajinta kan mutum 20,000 da suka ji rauni a ƙasashe 40, ta rage mutuwa. A 2017 aka ga haka ga mata masu zubar jini bayan haihuwa, kuma asibitocin Najeriya, Kamaru da Gana suna cikin gwajin. Sharaɗinta dai a yi ta cikin awa uku, bayan nan ba ta da amfani.

To jama'a, a titunanmu wa ke fara isa wurin haɗari? Direba da ɗan acaɓa, su ne ke sungumar mutum a bayan mota jini na zuba. Shi ya sa nake cewa a kai horon tasha. An taɓa koya wa direbobin haya agajin farko a Gana, saboda haka ba sabon abu ba ne. Shugabannin tasha su nemi ma'aikatan jinya su zo su koyar da danne rauni da ɗauri, mu kuma mu tambayi asibitin haihuwa na unguwarmu ko allurar nan tana cikin kabad ɗinsu.